Injin cikin taya ko inji mai bel: wanne ne zai jure titunan Yamai?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan wani aiki da na shafe wata bakwai ina fama da shi. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdu Mumuni, ina zaune a Yantala, kuma kullum sai na ƙetare Gadar Kennedy zuwa Harobanda, shi ya sa na ƙudura in haɗa allon zamiya mai lantarki da hannuna, wato katakon nan mai taya huɗu da ake tsayawa a kansa, domin in rage abin da nake kashewa a tasi. Na yi odar injuna biyu irin waɗanda ke cikin tayar kanta, faɗin kowace taya milimita 90, na kuma haɗa batir mai ƙwaya 30, goma a jere sahu uku, wanda ke ba da bolt 36.

A lokacin hunturu ban ga wata matsala ba. Da watan Afrilu ya kama sai al'amari ya canza: duk lokacin da na hau gangaren da ke tasowa daga bakin kogi zuwa unguwar Filato, tayoyin baya kan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ƙarfin allon ya ragu, yanzu kuma robar tayar hagu ta fara rabuwa da ƙarfen da take lulluɓe da shi. Shin in sake sayen irin waɗannan injuna amma masu tsada, ko in koma tsarin da inji yake waje yana juya taya da bel? Kuɗin da ke hannuna ba zai isa in gwada duka biyun ba.

Mai Sola na Wadata:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin kowa ya ba ka shawarar sayen wani abu, ka faɗa mana nauyinka tare da jakarka, da irin na'urar da ke sarrafa injunan, da kuma iyakar amfiya da ka saka mata. Sau da yawa ana ɗora wa inji laifi alhali an buɗe masa wutar da ta fi ƙarfinsa.

Ɗan Adar:
Na gode, yaya. Ni da jaka da allon gaba ɗaya mun kai kimanin kilo 80. Na'urar kuwa wadda ta zo tare da injunan ce, a rufe take, ba a shiga cikinta a canza komai.

Malama ta Harobanda:
Ɗana, abin da ya same ka ba rashin sa'a ba ne, lissafi ne, kuma gara mu yi shi a fili domin duk wanda zai kashe kuɗinsa bayanka ya gani.

A jikin kowane inji irin wannan akwai lambar da ake rubutawa KV, ma'anarta yawan juyin da injin ke yi a minti ɗaya a kan kowane bolt guda idan babu nauyi a kansa. Ɗauki injin da masu haɗa allo suka fi amfani da shi a tsarin bel, mai KV 190. A kan bolt 36 zai yi juyi 6,840 a minti. Idan ƙaramin fulin da ke bakin injin yana da haƙora 15, babban da ke jikin taya kuma yana da 36, to injin zai juya sau 2.4 kafin taya ta juya sau ɗaya, sai tayar ta riƙa yin juyi 2,850 a minti. Tayar milimita 90 tana cin kusan santimita 28 a kowane juyi, wanda ya kama kilomita 48 a awa a kan takarda, a kan titi kuma da mutum a sama abin yakan sauko kusa da 40.

Injin cikin taya ba shi da wannan ragin, domin shi ne tayar, juyinsa shi ne juyinta. Dole ne masu ƙera shi su naɗe shi da KV ƙasa-ƙasa, kusan 80, kuma dole ne shi kaɗai ya samar da dukan ƙarfin murɗawar da taya ke buƙata, babu fulin da zai ninka masa. To ga inda zafin yake fitowa: ƙarfin murɗawa yana tafiya ne da yawan wutar da ke bin naɗin wayar tagulla, zafin da wayar ke fitarwa kuma yana ƙaruwa da ninkin wutar a kanta, wato idan wuta ta ninka biyu zafi ya ninka huɗu. Saboda haka idan ka ɗauki injuna biyu masu girma ɗaya, ka ba ɗaya ragin 2.4, ɗayan ka bar shi ba ragi, na biyun zai fitar da zafin da ya kusa ninki shida na na farkon a kan aiki iri ɗaya. Masu ƙera injin taya suna rage wannan giɓi ta hanyar faɗaɗa injin, amma cikin tayar milimita 90 wurin faɗaɗawar kaɗan ne.

Ka ƙara da gangaren. Ɗaga kilo 80 a hawan da ke tashi mita 10 a cikin kowace mita 100, a gudun kilomita 20 a awa, yana cin wat 430 da ɗoriya, ban da abin da iska da gogar titi ke ci. Duk asarar da aka yi a wannan aiki tana zama zafi a cikin ƙarfen da aka lulluɓe da roba, roba kuwa ba ta barin zafi ya fita, kamar ka naɗe tukunya da bargo ne. A Turai, inda iska take digiri 20, injin yana da sarari mai yawa kafin ya kai iyakarsa. A nan, a Afrilu da Mayu, iska kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, ga tayar tana manne da kwaltar. Ka fara tafiyar ne da rabin sararin da suke da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mayen ƙarfen da ke cikin injin. Irin na neodimiyam mai araha yakan fara rasa ƙarfinsa daga digiri 80, kuma abin da ya rasa ba ya dawowa ko da ya huce. Idan ya raunana, injin zai ƙara jan wuta domin ya yi aikin da ya saba, ya ƙara zafi, ya ƙara raunana. Idan ka lura cewa allon ba ya ja kamar da ko da sanyin safiya, to wannan ta riga ta faru. Ra'ayina shi ne ka koma bel.

Ɗan Bukoki:
Malama, Allah ya ƙara sani. Lissafinki babu ja a cikinsa, amma ina roƙon a ba ni dama in kawo abin da lissafin bai ɗauka ba, domin ni gyaran waya da ƙananan kayan lantarki nake yi, kuma allo biyu masu bel sun taɓa zuwa teburina.

Bel ɗin da ake magana a kansa ba irin na injin markaɗe ko na fankar mota ba ne. Sunansa HTD 5M, mai haƙora, tazarar milimita 5 tsakanin haƙori da haƙori, faɗinsa 9 ko 12 ko 15, kuma tsawonsa dole ya dace daidai da nisan da ke tsakanin fuli biyun. Ni dai na zagaya kasuwannin Katako da Wadata ina nemansa ban samu ba, sai da aka yi oda aka jira makonni. Abin da ke kashe shi kuwa shi ne abin da ya fi yawa a garin nan: ƙaramar tsakuwa guda ta shiga tsakaninsa da fuli, ta huda shi, bayan kwana kaɗan ya tsinke. Gefen kowane titi a Yamai yashi ne da tsakuwa, kuma mai allo a gefen titi yake tafiya, ba a tsakiya ba.

Na biyu, injin waje yawanci a buɗe yake, da ramuka domin iska ta shiga ta sanyaya shi, kuma iskar ba ita kaɗai take shiga ba. Na buɗe wani da ya yi hunturu guda a kan hanya, na tarar da mayen ƙarfensa ya tara ɓarɓashin ƙarfe da jar ƙura har sun fara goge rufin wayar tagulla. Injin cikin taya a rufe yake, ba shi da ƙara, idan batir ya mutu kuma kana iya tura allon da ƙafa kamar ba shi da inji, abin da mai bel biyu zai sha wahala kafin ya yi. A ganina laifin ba na injin cikin taya ba ne, laifin na ƙaramar taya ne.

Malama ta Harobanda:
Maganarka ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta, amma kafin nan ka sani cewa ana sayar da injunan waje rufaffu, kuma ana iya ƙera wa bel murfi da farantin alminiyam. Gaskiya ne rufaffen inji ya fi buɗaɗɗe ɗaukar zafi, sai dai jikinsa ƙarfe ne tsirara da iska ke bugawa, ba roba ba.

Baba Mai Walda:
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, yarona ne yake rubuta mini, amma shekara fiye da 30 ke nan ina aikin ƙarfe a Katako, kuma abin da zan faɗa daga hannu na san shi.

Ɗana Ɗan Adar, kun yi ta magana a kan inji, ba ku yi magana a kan abin da zai riƙe injin ba. Idan ka koma bel, sai an ƙera farantin da zai ɗaure injin a jikin ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, kuma sandar injin da sandar taya dole su tsaya a layi ɗaya, ko kaɗan kada su karkace, in ba haka ba bel zai riƙa gudu gefe guda yana cin kansa. Ƙarfen ƙafar allo yawanci alminiyam ne na zubi, walda ta yau da kullum ba ta kama shi, wanda ya ce zai liƙa maka shi da sandar walda irin ta ƙofa to zai ɓata maka shi ne. Matse shi ake yi da noti, kuma idan ƙarfen zagaye ne farantin zai riƙa juyawa komai matsi, shi ya sa ake neman mai kusurwa huɗu, ko a goge masa fuska guda da magagari. Kowane noti kuma sai an sa masa ruwan liƙa noti, mai launin shuɗi, domin girgizar titunanmu tana kwance abin da hannu ya ɗaure.

Game da rashin bel a kasuwa, ni da zan ba da shawara da sai in ce a duba sarƙa. Ba ta keke ba. Ta keke tazarar idonta milimita 12.7 ce, idan kana son ragi mai yawa babban farantin haƙoran zai yi faɗin da zai kusa taɓa ƙasa. Akwai ƙaramar sarƙa da ke cikin injin ƙananan babura, wadda ke juya sandar bawul, lambarta 25H, tazararta rabin ta keke, kuma duk mai sayar da kayan babur yana da ita. Ƙaramin faranti mai haƙora 11 da babba mai 55 za su ba ka ragin 5, babban kuma faɗinsa bai wuce milimita 115 ba. Babban ne kawai za a nema ko a yanka. Tsakuwa ba ta huda sarƙa, idan ta tsinke kuma ana haɗa ta a bakin titi.

Mai Sola na Wadata:
Baba, Allah ya ƙara girma. Shawarar sarƙa tana da ƙarfi ta fuskar samun kaya, amma a cikin babur wannan sarƙa tana wanka ne da mai a rufaffen wuri. A ƙarƙashin allo za ta kasance ƙasa da taƙi guda daga yashi. Idan aka sa mata mai, mai da yashi za su haɗu su zama abin goge ƙarfe, su cinye haƙoran. Idan ba a sa ba, ta bushe ta miƙe. Ga ƙara, ga haɗarin bakin wando ko riga ya shiga. Ba na cewa ba za ta yi ba, amma sai da murfi.

Baba Mai Walda:
Haka ne, ɗana, sai da murfi, kuma murfin aikin yini ɗaya ne. Amma bel ma sai da murfi, saboda haka a wannan sun yi kunnen doki.

Mai Faci na Lazare:
Ina gaishe da manya. Ina so in koma kan abin da Ɗan Bukoki ya taɓo, domin ni taya ce sana'ata. Ƙanena, robar da ke jikin injin cikin taya siririya ce ƙwarai, saboda injin ya cinye wurin da roba za ta zauna. Kowane rami da kowane gaɓin bulo a titunan da aka jera wa bulo yana bugun injin kai tsaye, ya bugi boris ɗinsa, wanda a nan muke cewa rulma, ya kuma bugi gwiwarka. Ko ka koma bel, idan ka tsaya a tayar milimita 90, ranar da ka shiga yashi mai zurfin yatsa biyu allon zai tsaya cak kai kuma ka wuce gaba. Wannan ba maganar inji ba ce, maganar haƙarƙari da haƙora ce.

Abin da ya dace da garin nan taya ce mai iska, ta inci 6, wato milimita 150, ko ta inci 8 wadda ake rubuta wa 200x50. Sai dai ka san abin da za ka biya. Tsidau da ƙayar aduwa suna huda ta, musamman bayan damina, saboda haka ka riƙe tib na ajiya. Kuma tana shan batir fiye da tayar roba mai tauri, wasu masu amfani da ita sukan ce kusan ninki biyu.

Malama ta Harobanda:
Wannan shi ne tsarin da ya kamata mu bi tun farko: a fara zaɓen taya bisa ga titi, sannan ragi bisa ga taya, inji ya zo a ƙarshe. Kuma a nan ne bel da sarƙa suke da fifikon da injin cikin taya ba shi da shi, wato ana canza ragin. Ka duba: injin nan mai KV 190, idan ka sa masa tayar milimita 150 da fuli mai haƙora 15 da 60, ragin ya zama 4, tayar za ta yi juyi 1,710 a minti, kuma gudun ya fito kilomita 48 a awa, daidai da na tayar 90 mai ragin 2.4. Injin bai san an canza masa taya ba. Idan kuma tayar 200 ce da sarƙar Baba mai ragin 5, KV 190 ya yi yawa, zai haura 51; gara mai KV 149, wanda zai tsaya wajen 40 a kan takarda, kuma ko wannan ya fi abin da mai hankali zai yi a tsakanin tasi da babura a kan gada.

Batun batir kuma, ɗana, idan ƙwayoyinka masu mili-amfiya-awa 3,000 ne kowace, sahu uku sun ba ka amfiya-awa 9, a kan bolt 36 ya zama wat-awa 324. Da tayar iska ka sa a ranka wat-awa 20 zuwa 25 a kowane kilomita, sai ka ga tafiyarka ba za ta wuce kilomita 13 zuwa 16 ba a caji ɗaya. Ka auna nisan zuwa da dawowarka kafin ka yanke shawara.

Ɗan Bukoki:
Malama, to ga abin da nake nufi tun ɗazu. Akwai injin cikin taya mai faɗi da yake kwance a garin nan babu mai kula shi, wato na abin hawan yara mai taya biyu da ake tsayawa a kansa yana daidaita kansa, wanda ake sayen wa yara a gidajen masu hali. Yawancinsu batir ne ke mutuwa ko na'urar lantarkin da ke sarrafa su ta ƙone, injunan kuwa lafiya lau. Tayarsa inci 6.5 ce, kimanin milimita 165, an yi ta ne domin bolt 36, ana rubuta mata wat 250 zuwa 350, tana da mayen ƙarfe 30 a kewaye da na'urori guda uku masu gane matsayin da injin yake a juyinsa, saboda haka tana tashi daga tsaye ba tare da kakkarwa ba. Da yake injin yana da faɗi, yana samar da ƙarfin murɗawa da wuta kaɗan, kuma murfin gefensa alminiyam ne a fili, zafi yana da hanyar fita.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Na ɗora ɗaya a sikeli ya kusa kilo 3, biyu ke nan kilo 6 a bayan allo. Robarsa ba ta da iska, tana da tauri. Gudunsa kaɗan ne, wanda na gwada a kan bolt 36 bai kai kilomita 20 a awa ba. Sandarsa kuma gefe ɗaya take fitowa, da wayoyi a cikinta, ba za ta shiga ƙafar allo ta kanti ba, sai an ƙera mata mazauni. Ina da guda biyu a shago, zan ba ka aro ka gwada kafin ka kashe ko dala.

Mai Sola na Wadata:
Kowane tsari ka zaɓa, ƙanena, na'urar sarrafawar nan ta rufe dole ta tafi, domin ita ce ta bar injunanka suka dahu ba ta ce komai ba. Ka nemi VESC. Wani injiniya ɗan Suwidin mai suna Benjamin Vedder ne ya ƙirƙiro ta, ya kuma saki zanenta da manhajarta kyauta, shi ya sa kamfanoni da yawa suke ƙera irinta a farashi dabam-dabam. Ana haɗa ta da kwamfuta ko waya, ta auna injin da kanta, kai kuma ka saka iyakar wutar inji dabam, ta batir dabam, ta birki dabam. Idan ka liƙa ƙaramin ma'aunin zafi a jikin naɗin wayar, ita da kanta za ta fara rage wuta idan zafi ya kai inda ka ce. Yadda take zuwa, takan fara ragewa a digiri 85 ta yanke a 100, amma ga injin da ba ka san ingancin mayen ƙarfensa ba, ka sauko da farkon zuwa 70.

Sai abu biyu da suka shafi rai. Na ɗaya, kada ka yarda da inji guda domin rage kuɗi. Birkin allon nan a cikin inji yake, inji ɗaya yana nufin taya ɗaya ce ke riƙe ka, idan ta hau yashi ta zame ba ka da birki ko kaɗan. Na biyu, birkin yana aiki ne ta hanyar mayar da wuta cikin batir. Batir mai ƙwaya 10 a jere yana cika a bolt 42, idan ka fito gida da shi cike taf ka fara da gangara, wutar ba ta da wurin shiga, na'urar kariyar batir za ta iya yankewa, birki ya ɗauke a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Kai kuma hanyarka da safe gangara ce zuwa kogi. Ka riƙa tsayar da caji wajen bolt 41, ko ka ɗan zagaya unguwa kafin ka gangara. Kuma kada ka sa batir a caji da zarar ka sauka da rana tsaka, ka bar shi ya huce a inuwa, domin ƙwayoyin litiyam ba a cajinsu sama da digiri 45.

Malama ta Harobanda:
Na yarda a gwada injunan Ɗan Bukoki, tunda aro ne, amma ina da sharaɗi: a auna, kada a taɓa da hannu a ce da dama-dama. A hau gangaren nan guda, da nauyi guda, da ƙarfe biyu na rana, a rubuta zafin kafin hawa da bayan hawa. Har yanzu ina ganin bel da tayar iska ne zai fi daɗewa da sauƙi ga jiki, domin roba marar iska za ta ci gaba da miƙa wa injin da gwiwa kowane bugu. Amma gani ya kori ji.

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, ku gafarce ni da shirun mako uku, sai da na jira na'urar VESC ta iso, Baba kuma ya gama mazaunin. Ya yi shi da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 8, ya matse sandunan biyu da noti huɗu-huɗu, Mai Faci kuma ya samo mini tayoyin iska na inci 6 na gaba. Na saka iyakar wutar kowane inji a amfiya 15, kamar yadda yaya Mai Sola ya nuna mini a shagonsa.

Na yi gwajin kamar yadda Malama ta ce, sau uku a rana uku. Ma'aunin ya nuna digiri 44 zuwa 46 kafin hawa, bayan hawa kuma mafi yawan abin da na gani shi ne 63, na'urar ba ta rage wuta ko sau ɗaya ba. A miƙaƙƙen titi gudun ya tsaya a kilomita 18 a awa, a gangaren ya sauko zuwa 12. Yashin gefen titi da a da nake sauka in ɗauki allo saboda shi, yanzu ina ratsa shi. Abin da Malama ta faɗa game da tauri ma gaskiya ne: a titin bulo ƙafata ta baya tana mutuwa bayan minti goma, kuma allon ya yi nauyin da hawa da shi bene zuwa aji ya zama aiki.

Akwai matsala guda da ta tsorata ni jiya. Bayan na taka birki da ƙarfi kusa da gada, na lura sandar injin dama ta ɗan juya a cikin mazauninta, wayoyin da ke fitowa daga cikinta sun murɗe kaɗan. Ban sake hawa ba tun lokacin.

Baba Mai Walda:
Ka yi daidai da ka tsaya, ɗana, domin da ta ƙara juyawa da ta yanke wayoyin, kuma wayoyin inji idan suka haɗu da juna tayar kan kulle nan take. Sandar tana da fuska guda shafaffiya, ni kuma na dogara da matsi kaɗai, ban yi mata kujerar da za ta zauna a kan wannan fuskar ba. Ja da birki suna murɗa ta gaba da baya, sai ta sami wasa. Zan yanka ƙaramin ƙarfe mai lebur in liƙa a cikin mazaunin ta yadda ko notin ya saki ba za ta iya juyawa ba, kuma zan yi wa ɓangaren hagu haka tun bai nuna ba.

Ka kawo allon ranar Asabar bayan sallar la'asar, ka zo da tsofaffin injunan ma, ina so Ɗan Bukoki ya buɗe na hagun mu ga halin da mayen ƙarfensa yake ciki. Ka kuma taho da tabarmar roba irin ta ƙasan mota, mai kauri, za mu yanka mu saka tsakanin katakon da mazaunin, mu ga ko za ta rage wa ƙafarka girgizar titin bulo.